Mayar da 'Yar Kuza Riruwai

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Yake kai matafiyi kuma Yake dawo da shi gida. A shekarar da aka cire tallafin man fetur, wadda masu babura suka koyi kashe inji in sun zo gangara, da kakar wannan shekara na yi wata tafiya daga ƙauyenmu na gefen Tiga, a ƙasar Bebeji, zuwa Riruwai. Tafiya ce da motar haya ke gamawa tsakanin hantsi da azahar, amma mu kwana biyu muka yi a hanya, muka isa a rana ta uku. Tun da na dawo ba ni da sakat. A masallaci a tambaye ni, a wurin suna a tambaye ni, har wani ya tare ni a hanyar gona ya ce wai da gaske ne mun dafa shinkafa da man mota. Ba haka aka yi ba, motar ce ta yi tafiya da abin dafa shinkafa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya in huta. Wanda ya iya ajami ya karanta, wanda bai iya ba a juya masa zuwa boko.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta maƙwabcina ce, Malam Sule Direba, dattijo da ya girme ni da fiye da shekara goma. A ƙuruciyarsa ya je neman aiki Riruwai lokacin da ake haƙar kuza, ya koyi tuƙi a hannun wani bakanike da ake kira Ɗanjuma Fita. Ɗanjuma yana da wata gajeriyar motar daji, irin waɗanda Turawan ma'adinai suke hawa dutse da su, wadda duk ƙafafunta huɗu suke ja. Wani Bature ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Da aka ce ruwan dam ɗin Tiga zai cinye tsohon garinmu, kowa ya kwashe nasa ya tashi, Sule ya je ya durƙusa gaban maigidansa ya roƙi aron motar na kwana uku, don ya kwashe iyayensa da hatsinsu. Ɗanjuma ya ba shi makulli.

Sule ya kwashe gidansu a kwana ɗaya. Maƙwabci ya ce a taimaka masa, na gaba da shi ma ya ce, har sai da motar ta kwashe kusan rabin garin, da tabarmi, da turame, da tsofaffin da ba sa iya tafiya. A sati na uku giyarta ta tsaya. Ya ce sai ya gyara zai mayar, don ba ya son kai wa maigidansa abu a lalace. Gyaran ya kai wata shida, kunya kuma ta hana shi zuwa bayan wata shida. Bayan shekara kunyar ta ninka. Haka ta yi ta ninkawa har kusan shekara hamsin. Motar ta zauna a tsakar gidansa, yara suka sa mata suna 'Yar Kuza, aka zagaye ta da katanga, kaji suka yi ta ƙyanƙyasa a cikinta.

To, a waccan kakar wani ɗan kasuwar masara ya zo daga Doguwa, cikin hira ya ambaci cewa Ɗanjuma Fita yana nan da rai, sai dai yana kwance, iyalinsa ba sa nisa da shi. Washegari bayan asuba Malam Sule ya riƙe min hannun riga a ƙofar masallaci.

"Malam, in mutum ya ari abu ya daɗe bai mayar ba, ya aika a roƙar masa gafara ta waya, ya isa?"

Na ce, "Abin yana nan ko ya salwanta?"

Ya ce, "Yana nan. Wani wajen."

Na ce masa abin da na sani: muddin abin aro yana nan, shi ɗin ake mayarwa hannun mai shi, sannan a nemi yafiya a kan jinkiri. Na faɗa da ƙarfin gwiwa irin na wanda ba shi zai ɗauki kayan ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To Malam, tunda kai ka yanke, kai ne shaida. Ka zo da alƙalaminka." Bakina ne ya jawo min wannan tafiya, ba wani ba.

Sai da muka rushe gefen katanga muka turo ta waje na fahimci abin da yake nufi da "wani wajen". Gangar jikin tana nan, ba tsatsa ko ɗigo, don da alminiyon aka ƙera ta, sai kashin kaji da aka kankare. Amma ba inji, ba kujerar gaba, ba ƙofar direba. A tsawon shekarun nan duk wanda ya zo ya ce a ara masa wani abu daga jikinta, Sule ba ya iya hanawa, tunda shi ma aro ya yi. Saboda haka kafin mu mayar da mota, sai mun fara tattaro ta.

Injin yana hannun Isa, ɗan wani amininsa, mai noman rani a bakin kwatar ruwan da ke fitowa daga dam. Mahaifin Isa ne ya are shi tun Isa bai yi wayo ba, ya haɗa shi da famfo yana ba gona ruwa. Shanu biyu suka ja mana motar har can. Isa ya saurari bayani yana kallon tumatirinsa da bai daɗe da dasawa ba.

"Baba, ni a kan injin nan na buɗi ido. Ban taɓa sanin yana da mota ba."

"Yana da ita, ga ta nan."

Isa ya zagaya motar sau biyu kamar wanda aka nuna wa dangin uwarsa da bai sani ba. Daga ƙarshe ya ce zai ba da injin, amma aro. Tumatir yana jure kwana huɗu ba ruwa, ba ya jure biyar. Kuma shi ƙafarsa ƙafar injinsa. Na so in yi masa bayanin cewa ba a ara wa mutum abin da aka ara a wurinsa, Malam Sule ya taka min ƙafa.

Sannan ga wani abu. Tun da fetur ya yi tsada, Isa, kamar sauran masu noman rani a wajenmu, ya juya injin ya koma shan gas ɗin girki. Don haka da aka ɗora inji aka ɗaure, sai aka ɗaure tukunyar gas a baya da igiyar rijiya, aka jawo tiyo ta ƙarƙashin ƙafafunmu har gaba. Aka aro batir, aka tura, ta yi tari sau uku ta kama. Malam Sule ya zauna a kan turmin da aka kifa masa a madadin kujera, ya riƙe sitiyari. Na karanta addu'ar hawa abin hawa, na ƙara da wadda ake yi wa mara lafiya, don ban san wadda ta fi dacewa ba.

Zango na farko wani ƙauye ne a ƙasar Kiru, inda ƙanwarsa Talatu take zaune tun da mijinta ya rasu. Mun isa bayan la'asar. Tun daga zaure na hango ƙofar: koriya, da gilashinta mai zugewa, an kafa ta a bakin ɗakinta da ƙusoshi. In an yi sallama sai ta zuge gilashin ta leƙo, ta ga ko wane ne, kafin ta yanke shawarar ko tana nan.

Ta zuge ta ga yayanta. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da gajiya, duk ta gilashi.

"Talatu, ƙofar nan na zo karɓa."

"Wace ƙofa, Yaya?"

"Wadda kike magana ta cikinta."

Ta mayar da gilashin ta rufe. Muka zauna a zaure har aka kira magariba. Bayan salla ta aiko mana da tuwon dawa miyar kuka mai daddawa da yawa, irin wadda mutanen wajen suke yi da kauri har cokali ya tsaya, mu kuwa a bakin ruwa mun saba a tsinka ta a jefa kifi. Da safe ta fito da mayafinta da ƙullin kaya ta ce ta yi tunani. Ba za ta zama sanadin da yayanta zai tashi da kayan wani a wuya ranar lahira ba. Amma shekara talatin da wani abu ba ta taɓa kwana a bayan wata ƙofa ba sai wannan, kuma ba yanzu za ta fara ba. Inda ƙofa ta je, nan za ta. Ta kuma sanar da mu cewa ba ta cin abincin da ba ta ga hannun da ya dafa ba, don haka ta taho da tukunya, da shinkafa, da kan risho na gas. Aka cire ƙofa aka mayar wa mota, aka jingina asabari a bakin ɗakin, muka zama huɗu.

Kujera tana Kwanar Dangora, a rumfar wani wanzami, Audu. Shi bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya ce kujerar ta fi shi farin jini, akwai masu zuwa aski don ita kawai, saboda tana da laushi kuma tana ja da baya. Ya ce in ya zauna ba ita, ba wanda zai zo, in ya bi ta kuwa, duk inda aka tsaya akwai kai. Ya ɗauko zabirarsa ya hau. Muka zama biyar, ban da turmi, wanda Talatu ta ce kada a yar.

Daga nan aka kama titin da ya yi kudu. Gudunmu bai fi na mai keke mai ƙoƙari ba. Manyan motoci suna wuce mu suna danna oda, yaran mota suna leƙowa suna yi mana sannu kamar masu rakiyar gawa. Da rana ta take, Talatu ta buga bodi ta ce a tsaya, lokacin ɗora tukunya ya yi. A nan muka gane cewa tukunyar gas ɗaya ce. In za a yi girki, sai a cire tiyo daga inji a sa a risho. In mota za ta tafi, sai a sauke girki.

Isa ya ce, "Gwaggo, ki bari mu kai Tudun Wada mana. Tumatirina yana ƙirga kwana."

"Tumatirinka ya ci abinci da safe?"

"A'a."

"To ni ma ban ci ba, kuma ni ina da baki."

Aka cire tiyo. Muka zauna a inuwar ɗorawa, shinkafa tana tafasa, mota tana hutawa. Audu ya samu manoma biyu da suka fito daga gona, ya zaunar da su ɗaya bayan ɗaya a kujerar direba ya yi musu ƙwal. Malam Sule bai ci ko loma biyar ba. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, in muka tarar an binne maigida fa?" Na ce rai a hannun Allah yake, amma ya yi wa ƙanwarsa magana ta rage ruwa a shinkafar gobe, don a sauke da wuri.

Mun shiga Tudun Wada da yamma liƙis. Ba a ratsa dajin da ke gaba sai da rana, don haka muka nemi masauki a gidan wani mai sayar da shinkafa, abokin cinikin Isa. Mutanen garin nan shinkafa ce rayuwarsu. Ko'ina ka duba an shanya ta, mata suna turara ta a manyan tukwane, har iskar garin ƙanshinta take yi. In baƙo ya zo ba a tambayarsa ko zai ci, sai dai a tambaye shi da wake ko da miya. An ba Talatu ɗaki a cikin gida mai ƙofar katako sabuwa fil. Ta duba ta sama da ƙasa, ta aiko a gaya wa Isa ya kawo sifana. Aka kwance ƙofar mota aka kai mata, ta jingina ta a bayan ta katakon. Matan gidan suka yi ta zuwa kallo, tana zuge musu gilashi tana amsa gaisuwa.

A ƙofar wannan gida ne, kafin magariba, wata doguwar mota mai sheƙi ta wuce, ta tsaya, ta dawo da baya. Wani mutum mai gajeren wando da hular rana ya fito, Bahaushe ne amma daga ganinsa ya daɗe a birni. Bai ko gaishe mu ba sai da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin 'Yar Kuza, ya tashi ya karanta wani ɗan ƙarfe da ke manne a jikinta, ya dafe kai. Sannan ya tuna da mu ya yi sallama.

Ya ce sana'arsa ke nan, neman irin waɗannan motoci. Ya ce an shigo da su ƙasar nan ne tun zamanin Turawa, don masu haƙar ma'adinai da ma'aikatan daji da masu yi wa shanu allura, wuraren da ba titi. Yawancinsu an farfasa an ƙera tukwane da jikinsu, waɗanda suka rage ba su da yawa, irin wannan mai fitilu a tsakiyar fuska kuwa ya daɗe bai ga ko ɗaya ba. Ya nuna mana hotuna a wayarsa. A ƙasashen waje, in ji shi, akwai masu gina wa irinta ɗaki na musamman, da shimfiɗa a ƙasa, a rufe ta da mayafi, a goge ta duk sati.

Audu ya ce, "Sai su je ina da ita?"

"Ba sa zuwa ko'ina. Kallonta ake yi."

"Ba ta ɗaukar kaya?"

"Haba. Ko ruwan sama ba a bari ya taɓa ta."

Muka dubi juna. Ni dai a raina na ce kowace ƙasa da irin nata ibtila'in. Mu a wajenmu abin da ake ji da shi shi ake ba aiki, har ya ƙare a hannu. Su kuma abin da suke ji da shi sai su hana shi aiki su tsare shi a ɗaki. Amma na lura da abu guda: tasu da ke ɗaki da tamu da ta yi ban ruwa da aski da gadin ɗakin bazawara, duk sun kai yau da ransu.

Mutumin ya roƙe mu kada mu yi mata fenti, kada mu buge lotsawar da ke gefenta, wai lotsawar ma tarihi ce. Sannan ya tambayi wane ne mai ita, yana son su yi magana.

Malam Sule ya ce, "Ba tawa ba ce."

Isa ya ce, "Injin dai a hannuna yake."

Audu ya ce, "Kujera tawa ce, amma ba ta sayarwa ba ce."

Mutumin ya ce, "Ƙofar direba fa, ina take?"

Na ce tana cikin gida, an shiga da ita, ba ta fitowa sai da safe. Ya dube ni ya ga ba wasa a fuskata. Ya ɗauki hotuna ya fi ashirin, ya shafa bodin kamar mai sallama da doki, ya shiga motarsa ya tafi yana waiwaye.

Rana ta uku muka cika tukunyar gas muka yi sammako. A bakin dajin akwai shingen jami'ai, wanda shi ne iyakar da muka tsallaka a wannan tafiya, don daga nan ƙasa take sauya kama, duwatsu su fara, iska ta yi sanyi. Wani jami'i dogo ya ɗaga hannu. Birkinmu yana kamawa, sai dai yana son a ba shi labari tun da wuri, don haka muka tsaya kamar taku ashirin bayan shingen, ya biyo mu a ƙafa.

"Takardun mota."

Malam Sule ya ciro wata takarda daga cikin leda, ta yi launin ƙasa, ta kakkarye a maninka. Jami'in ya buɗe a hankali ya karanta, ya kira abokin aikinsa.

"Baba, takardar nan ta girmi jihar nan."

"Ita aka ba ni da motar, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ka?"

"Mai ita. Aro na yi, yanzu zan mayar."

"Yaushe ka ara?"

Malam Sule ya faɗa masa. Jami'in ya cire hularsa ya sosa kai, Audu kuwa ya ƙura wa kan ido irin na mai sana'a. Suka zagaya baya suka ga tukunyar gas da turmi da Talatu. Na biyun ya ce a iya saninsa akwai dokar mota, akwai dokar kayan girki, amma bai san wadda ta hau kan wannan ba. Na farkon ya ce shi abin da ya dame shi, ya ara wa ƙanin matarsa babur wata huɗu ke nan, ashe da sauran tafiya. Kafin mu bar wurin sai da Audu ya gyara masa ƙeya a kujerar direba, sannan suka sa mu a tsakiyar ayarin motoci suka ce kada mu tsaya a daji ko da tukunya tana tafasa. Wannan gargaɗin Talatu suka yi wa, ta kuwa kawar da kai.

A dajin ne 'Yar Kuza ta nuna asalinta. Akwai inda ruwan damina ya cinye titi, manyan motoci suka yi cirko-cirko suna lallaɓawa ɗaya bayan ɗaya. Malam Sule ya ja wani ɗan guntun ƙarfe kusa da giya, motar ta yi gurnani, ya sauka daga titi ya bi ta cikin kwazazzabo, ya hau ta ɗaya gefen kamar akuya. Yaran motar da suka yi mana sannu jiya, yau mu muka yi musu. Ban taɓa ganin haƙoran Malam Sule a waje haka ba. Amma muna wuce Doguwa, muka karya zuwa hanyar Riruwai, dariyar ta ɗauke. Sau biyu yana rage gudu ba dalili, har Isa ya ce, "Baba, in ka gaji in karɓa." Ya ce ba gajiya ba ce.

Riruwai gari ne a cikin duwatsu, da tsofaffin ramukan kuza da gine-ginen da Turawa suka bari. Mutanensa tattare suke daga ko'ina, ka ji Hausa iri uku a layi ɗaya. Ba mu sha wahalar tambaya ba. Wani tsoho mai sayar da rake ya ga motar ya miƙe tsaye, rake a hannu, ya nuna mana hanya ba tare da mun ce komai ba.

Mun tarar da Ɗanjuma Fita a ƙofar gidansa bayan la'asar, an fito da shi shan iska a kan tabarma, an tokare shi da matasai. Ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito, idanunsa sun yi fari. Tun kafin mu tsaya ya ɗaga kai ya karkata kunne. Malam Sule ya kashe inji, ya sauko, ya cire takalmi tun daga nesa, ya je ya durƙusa.

"Maigida, ni ne Sule."

"Na ji. Tun daga kwana na ji ta. Filogi na uku har yanzu yana fashi."

Ya ce a ɗaga shi. 'Ya'yansa biyu suka riƙe shi, ya bi motar da tafin hannu tun daga fitila har baya. Ya buɗe ƙofar direba ya rufe, ya zuge gilashi, ya ce wani yana sa mata mai. Talatu ta ce man gyaɗa ne. Ya danna kujera. Ya kai hannu kan tukunyar gas ya tsaya.

"Wannan ba tawa ba ce."

Isa ya yi masa bayani. Ya ce to, ya ji, duniya ta ci gaba. Aka mayar da shi tabarma. Sule yana nan durƙushe inda aka bar shi.

"Sule, na je nemanka. Da wata uku ya cika na hau motar haya na je garinku. Na tarar da ruwa. Na tambayi wani mai kwalekwale ina gari, ya nuna min tsakiyar ruwan da sandarsa. Na dawo na ce wa mutane mota tana ƙarƙashin dam, yaron kuma Allah Ya jiƙansa. Har sadaka na yi maka." Ya numfasa. "Da ita nake ciyar da gidan nan. Da ta tafi, ramin kuza na koma da diga, shekara goma sha ɗaya. A nan na bar ƙirjina."

Malam Sule ya kifa goshinsa a gefen tabarmar, kafaɗunsa suna girgiza. Ya ce, "Maigida, ba ni da abin cewa. Ga motarka. Ka yafe min don Allah, ko kada ka yafe, duk wanda ka yi daidai ne."

Tsohon ya bar shi a haka har sai da na fara jin nauyin tsayuwata. Sannan ya laluba ya dafa kansa.

"Mutane nawa ka kwashe da ita?"

"Rabin gari."

"To ba zaman banza ta yi ba. Na karɓi motata. Na yafe maka, duniya da lahira. Wa ya zo da alƙalami?"

Na matso na zauna na rubuta, na karanta a fili, waɗanda ke wurin suka shaida. Aka shafa fatiha. Aka kawo mana fate mai zafi da yakuwa a ciki, Talatu ta leƙa madafa ta ga hannun da ya dafa, ta ci.

Muna cikin ci Isa ya fara gyaran murya. Ya ce Allah Ya ba Baba lafiya, shi dai gobe ne kwana na huɗu, tumatir kuma bai san an yi sulhu ba. Talatu ta ce ita ma ɗakinta asabari ne a bakinsa. Audu ya ce shi bai ce komai ba, amma ranar kasuwar Kwanar Dangora jibi ce. Ɗanjuma ya sa aka warware masa zancen tun daga inji har kujera, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi aka ba shi ruwa. Sai a lokacin kowa ya ga abin da ke gabanmu: hanyar da za a mayar da inji da ƙofa da kujera inda suka fito ɗaya ce, a cikin motar, kuma mutum ɗaya ne a cikinmu ya iya lallashin giyarta.

Malam Sule ya ajiye cokali. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Tawadar takardar ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya ja gwiwa ya koma gaban tabarmar.

"Maigida."

"Na'am."

"Ko za ka ara min ita, in kai mutanen nan gida. Kwana..."

"Kada ka faɗi kwana." Tsohon ya ɗaga hannu. "Ba zan ara maka ba, Sule. Na san halinka."

Isa ya sunkuyar da kai, na san lissafin tumatir yake yi.

"Malam mai alƙalami, juya bayan takardar. Rubuta cewa ni Ɗanjuma, da hankalina, na ba Sule motar nan kyauta, da injinta da ƙofarta da kujerarta. Aro kam bai iya ba, kada a sake ba shi."

Na juya takarda na rubuta. Mun kwana a Riruwai, da hantsi aka tura 'Yar Kuza ta kama, Ɗanjuma yana zaune a tabarmarsa ya karkata kunne yana sauraron filogi na uku har muka sha kwana. Iyakar abin da na gani ke nan, Allah Ya sauke mana nauyin da ke wuyanmu tun muna da ƙafar kai shi.